Babur Marar Wurin Zama

Da hantsi aka sauke shi daga bayan a-kori-kura,
a rumfarmu ta Agege, gab da layin dogo,
inda sufanu ke rawa kan benci in jirgi ya wuce.
Siriri ne kamar karen farauta,
tanki ɗan mitsitsi, taya mai haƙora,
ba fitila, ba madubi,
wurin zaman ko tafin hannuna ya fi shi faɗi.
Na ce, Oga, wa zai hau wannan?
Ko ƙullin garin rogo ba shi da inda zai kwanta.

Oga Sallau bai ko dube ni ba.
Ya ce, ba don fasinja aka ƙera shi ba.
A tsaye ake tuƙa shi, a hau dutse sannu-sannu,
wanda ƙafarsa ta taɓa ƙasa, shi aka ci.

Mai shi, Baba Oyelaran, ya dogara sandarsa:
Yana tashi lafiya lau,
minti biyar sai tari, sai ya mace.
In an bar shi ya huta, ya farka kamar ba shi ba.
Kanikawa uku sun ci kuɗina a Mushin,
kowa da sunan cutar da ya raɗa masa.

Ni har na ɗauko sufana, zan far wa inji.
Oga ya riƙe mini hannu.
Ɗanlami, likita ba ya fara da wuƙa.

Ya kwance fulogi, ya kai shi hasken rana.
Bakinsa fari fat, a bushe,
kamar leɓen mai azumi da la'asar.
Ya jingina shi da ƙarfe, na buga kik,
wuta ta fito shuɗiya, tana ƙas-ƙas.
Kwayil ba shi da laifi.
Ya toshe ramin da babban yatsa, na sake bugawa,
iska ta ture yatsan da ƙarfinta.
Fistin da sauransa, zobe bai gaji ba.
Muka wanke kafireta a kwanon fetur,
na hura kowace kafa har idona ya yi ja.
Tsaf take.

Muka tayar. Ya yi ƙara mai daɗi, tan-tan-tan,
hayaƙi shuɗi ya bi ta kan mai suyar doya.
Iya Bose ta zage mu da Yarabanci.
Minti biyar cif,
ya yi tari. Ya mace.

Ruwa ya fara yayyafi kan kwanon rumfa.
Oga ya tsuguna, ya yi shiru,
irin shirun da yake yi tun da aka hana acaba
aiki ya koma sai jefi-jefi.
Ya ɗora kunne kan tanki.
Ya murɗa murfin.

Fuuus.

Tankin ya ja numfashi kamar wanda aka tsamo daga rijiya.

A ƙarƙashin murfin akwai ƴar kafa,
ƙwayar gero ta fi ta girma,
ta nan iska ke shiga, mai ya sauka.
Zanzaro ya yaɓe ta da laka,
ya yi gininsa tun shekarun da babur ke kwance a zaure.
Oga ya ciro tsinken sakace daga bayan kunne,
ya rushe gidan da taɓi ɗaya.

Nawa? in ji Baba.
Oga ya faɗi kuɗin, Baba ya ce, na tsinke?
Ya ce, a'a, na kunne.

Sai tsohon ya miƙo mini sandarsa.
Ya taka, ya miƙe kan babur, gwiwa na rawa,
ya nufi kwalbatin da ke bakin hanya a giya ɗaya,
ya ɗaga tayar gaba kamar mai gaisuwa,
ya tsaya cak a sama, cikin ruwa.
Ƴan danfo suka daina oda.
Na ƙirga har bakwai, sanda na hannuna,
ƙafarsa ba ta sauka ba.